Hausawan Khartoum: Larabci kaɗai bai wadatar ba

Masu cewa baƙo ya koyi harshen ƙasa ya huta, ya kamata su dubi Sudan. Hausawa sun fi ƙarni a can: wasu hanyar Makka ce ta ajiye su, wasu sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokinsu a Khartoum da Omdurman da Larabci suka yi makaranta, da shi suke ciniki. Duk da haka, a Yulin 2022, lokacin rikicin jihar Blue Nile, an kira su baƙi, har suka yi zanga-zanga a Khartoum.

Tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya amince da harsunan asali na Sudan a matsayin harsunan ƙasa, amma ya bar aikin hukuma ga Larabci da Ingilishi. Tsohuwar da Larabcinta bai kai na likita ba, jikanta ne tafintanta.

Tun da sojoji suka ƙwato Khartoum a Maris 2025, mutane ke komawa, da yawa takardunsu sun salwanta. Tafinta a asibiti abu ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne ofishin rajista, inda Bahaushe zai amsa da tsantsar Larabci, a sake tambayarsa daga ina kakansa ya zo.