Ma'aunin Jini Ya Shigo Kasuwa: Abin Da Ya Kamata Fatake Su Sani

Mutanen Mafara, da na Bakura, da na Maradun, sun san mudu da tiya da sikeli tun kaka da kakanni, sun kuma san hukuncin mai tauye su. To, yau ga wani irin ma'auni ya shigo, wanda ba hatsi yake auna ba, jinin ɗan Adam yake aunawa. Akwai na hawan jini mai ɗaure dantse, akwai na ciwon sukari, akwai ɗan maƙale wanda akan sa wa yatsa ya faɗi yawan iskar da ke cikin jini. A da sai a babban asibiti ake ganinsu. Yanzu kuwa suna cikin kantin mai kemis, suna cikin jakar alhazai.

Dalilin wannan ciniki ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar masana ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta manya miliyan 589 ke ɗauke da shi a shekarar 2024, kuma a Afirka fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Sa'an nan annobar Korona ta 2020 ta sa ɗan maƙalen yatsa ya shiga gidaje. Inda duk bukata ta yawaita, lalle fatake za su bi sawu.

Amma fa ba a ciwon sukari ƙasar Zamfara ta fara sanin darajar waɗannan na'urori ba. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. An yi maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi na sanƙarau, abin bai tsaya ba. Ashe dutsen zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida yana ɗauke da dalma, ƙurarsa ce yara ke shaƙa, suna haɗiya. Yara wajen 400 suka rasu. Cikin kayan da suka taimaki likitoci har da wata 'yar na'ura mai suna LeadCare, wadda mutum ke ɗauka a hannu. A ɗiga jini kaɗan, cikin minti 3 ta ba da lamba, ba sai an jira amsa daga wata ƙasa ba. Bisa ma'aunin likitoci, lamba 5 ma abin damuwa ce, a 45 akan fara ba yaro maganin fitar da guba, ita kuwa na'urar iyakar ƙirgenta 65. Jinin yara da yawa ya zarce nan, har sai da aka riƙa surka shi kafin ta iya karantawa.

Ga inda darasin yake, ya mai karatu. Lambar ba ta warkar da kowa ba. A Bagega an san yara suna ɗauke da gubar, amma ba a iya fara magani ba, domin wanda aka ba magani ya koma cikin ƙurar, aikin banza aka yi. Sai a 2013, da Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasa, sa'an nan aka shiga jinya. Shekara uku ke nan ana riƙe da sani, hannu babu abin yi.

Haka al'amarin yake a ƙaramin sikeli ga mai ciwon sukari. Kuma a nan ne ya kamata 'yan kasuwa su buɗe ido, gama asirin wannan ciniki ba a jikin na'ura yake ba, a tsinken gwaji yake. Tsinken nan yana ɗauke da wani sinadari wanda in ya gamu da sukarin jini sai ya haifar da 'yar wutar lantarki, na'ura ta juya ta zuwa lamba. Sau ɗaya ake amfani da shi, a yar. Tsinken wani kamfani kuwa ba ya shiga na'urar wani. Saboda haka masu ƙira sukan sauƙaƙa kuɗin na'ura, watau a ba ka doki da araha, a sayar maka da harawa har iyakar ransa. Falken da ya kawo na'ura daga Kano ko Legas bai tabbatar da hanyar tsinkenta ba, ya sayar wa ɗan'uwansa abin da zai zama tarkace bayan wata biyu. Da darajar naira ta faɗi, daga wajen 460 kan dala a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, tsinken waje ya yi tsada, masu ƙaramin ƙarfi suka rage gwaji. A 2023 ɗin ne kamfanin Colexa ya buɗe masana'antar ƙera na'urar da tsinkenta a Legas. Ko za ta sa farashi ya sauka har Mafara, wannan sai an gani a kasuwa.

Sai maganar zafi. Galibin kwalayen tsinke an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, alhali kuwa bazarar Mafara takan haura 40, balle cikin rumfar kwano. Tsinken da ya sha rana, ko kwanansa ya ƙare, ko aka bar murfin kwalbarsa a buɗe, ba zai yi shiru ba, zai ba da lamba, sai dai ta ƙarya. Wannan ya fi mudun algus sharri, domin mai hatsi yana iya sake awo, mai allurar insulin kuwa bisa lambar nan zai yi wa kansa allura.

Ko ɗan maƙalen yatsa bai kuɓuta ba. Da haske yake aiki, haske kuwa yana bi ta fata. A 2020 likitocin Jami'ar Mishigan ta Amurka suka bayyana cewa ƙarancin iskar da na'urar ke kasa ganewa ya kusa ninki uku ga baƙar fata bisa ga farar fata. Ke nan yaron da ke haki, ƙirjinsa na lotsawa, a kai shi asibiti ko da lambar ta yi kyau.

Mai saye ya duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewa a jikin kwali. In ya samu dama ya tafi da na'urarsa Babban Asibitin Talata Mafara, a gwada jininsa da ita da ta ɗakin gwaji a zama ɗaya, ya ga ko sun yi kusa da juna.