A Bar Yaro Ya Riƙe Jita, Amma Ya Fara Da Waƙar Kakarsa



A gidajenmu na Mayo da Ingaz da unguwannin Umdurman, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin iyaye da 'ya'ya. Yaro ya aro jita a wurin abokinsa, ya shigo da ita a ɓoye, mahaifi ya ji ƙararta daga ɗaki, sai ya ce: "A gidan nan ba mu gaji roƙo ba." Yaron ya mayar da jitar, ko kuma ya koma koyo a bayan gida inda babu mai ji. Mu a ganinmu, a cikin wannan gardama kowa na yin asara, kuma harshenmu ne ya fi kowa.

Tsoron da iyayenmu ke ji yana da tushe. Sun zo da shi ne tun daga ƙasar Hausa, inda kiɗa sana'ar gado ce, inda ɗan malam ba ya riƙe kalangu. Ga kuma maganar addini, wadda malamai suka daɗe suna saɓani a kanta, kuma ba mu ne za mu raba gardamarsu ba. Wanda ya bi fatawar da ta hana, mun girmama shi. Maganarmu da sauran gidajen ce, waɗanda ake sauraron Muhammad Wardi da Shata a cikinsu dare da rana, amma idan ɗan gida ya taɓa tsirkiya sai a ce ya zubar da mutunci.

Mu tuna da A'isha Musa Ahmad, wadda duk Sudan ta sani da A'isha Fallatiya. 'Yar malami ce, tushen gidansu daga ƙasar Sakkwato, ta yi karatun allo a Umdurman, kuma ta sha tsangwama kafin a karɓi muryarta. An buɗe gidan rediyon Umdurman a 1940, ba da jimawa ba ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a cikinsa. 'Yar'uwarta Jadawiya ita ke kaɗa mata udu. Ta rasu a 1974, kuma har yau idan aka tambaye mu abin da muka ba ƙasar nan, sunanta na cikin na farko da ke fitowa daga bakinmu. Abin da aka ƙi a gida jiya, shi ne abin tunƙahonmu a yau.

Jita ma ba baƙuwa ba ce a garin nan. Sharhabil Ahmad, wanda ake yi wa laƙabi da sarkin jaz na Sudan, tun shekarun 1960 ya sa ta ta yi magana da karin Sudan, kuma matarsa Zakiya Abul Gasim ta riƙe jita tare da shi a kan dandamali a lokacin da ba a saba ganin mace da ita ba. A yamma kuwa, Ali Farka Ture na Mali ya fara ne da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya kafin ya kwashe sautinsa ya zuba a jita, matasan Agadas irin su Bombino suka bi da nasu salon. Dukansu sun ɗauki kayan wasu, sun faɗi maganar gidansu da shi.

Wani zai ce, me ya hana yaro ya koyi garaya ko gurmi ko molo, kayan kakanninsa? Da so samu ne, da haka muka fi so. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a Khartum, ina mai garayar da zai zaunar da yaro ya koya masa? Ina mai haɗa ta? Jita kuwa ana samunta a hannun abokai, darussanta na cikin kowace waya, kuma ta katako ba ta jiran wutar lantarki.

Ga wani abu da masu koyo da yawa ba su lura da shi ba. Yawancin waƙar tsakiyar Sudan a kan sauti biyar aka gina ta, abin da mawaƙan nan ke kira sullam khumasi, kuma waƙoƙinmu na gargajiya da dama a kan sauti biyar ɗin suke tafiya. Tsirkiyoyin jita shida, idan aka saita su yadda aka saba, suna ba da mi, la, re, sol, si, sai kuma mi. Sauti biyar ke nan, ɗaya ya maimaitu, kuma su ne daidai matakan nan biyar idan aka fara daga sol. Wato tun kafin yaro ya danna ko da yatsa ɗaya, jitar na magana da karin da kunnensa ya tashi a ciki.

Saboda haka shawararmu ga mai farawa ita ce kada ya ɓata watanninsa na farko yana kwaikwayon waƙoƙin Turawa da bai san ma'anarsu ba. Ya je wurin kakarsa ko gwaggonsa, ya roƙe ta ta rera masa waƙar daka ko ta niƙa ko ta rainon jariri, ya ɗauka a waya. Ya zauna ya nemi sautin a kan tsirkiya ɗaya, kamar yadda Ɗan Maraya Jos ya yi rayuwarsa da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak. Idan ya samu, sai ya ƙara ta biyu. A nan zai gano cewa Hausa harshe ne mai karin sauti: kukan yaro da kukar miya hawa da saukar murya ne ke raba su. Duk wanda ya ɗora kalmominmu a kan karin da ba nasu ba, zai ji sun karkace a bakinsa. Wanda ya bi muryar kakarsa kuwa, yana koyon jita, yana gyara Hausarsa da Larabci ya fara cinyewa.

Sauran kuwa haƙuri ne. Kan yatsu zai yi zafi na 'yan makonni kafin ya yi kanta, kuma tsirkiyar roba ta fi ta ƙarfe sauƙi ga sabon hannu. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Juma'a kaɗai. A saita jita kafin kowane zama, kada kunne ya saba da karkataccen sauti. Kada a bar ta a rana ko a cikin mota, domin zafin Khartum na tanƙwara katako. Sannu ba ta hana zuwa.

Mun san akwai mai cewa, yanzu lokacin kiɗa ne? Tun 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tarwatsa mu, wasu na Kassala, wasu na Gadarif, wasu sun tsallaka iyaka, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Shi kansa gidan rediyon Umdurman, inda aka adana muryar A'isha, ya yi kusan shekara guda a tsakiyar fagen fama. Wannan shi ne hujjarmu. Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi a 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, abin da suka iso da shi a ka ya fi abin da suka iso da shi a kaya. Duk tsohuwar da ta rasu a gudun hijira ta tafi da waƙoƙin da babu su a kowane kaset.

Ya ku iyayenmu, idan kun ji ƙarar tsirkiya daga ɗakin samari, ku kira yaron ku kafa masa sharaɗi: kada ya bar salla, kada ya bar makaranta, kuma waƙar farko da zai kawo muku ta zama ta Hausa. Ku kuma samari, ku je wurin tsofaffi tun suna nan.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa.