Gefen titi a Jimeta na wane ne?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekuna suka dawo titunan Jimeta. Malamin makaranta ya kakkaɓe nasa, lebura ma haka, ga yara masu zuwa Islamiyya. Amma ka bi ta bakin babbar kasuwar Jimeta da la'asar ka ga inda mai keke zai sa taya. Kwalta ta motoci ce da Keke Napep. Gefe kuwa mai tumatir ya kafa tebur, mai shago ya jero buhuna har bakin kwata. Sai ka ga dattijo ya sauka yana tura kekensa, madubin mota na gogar kafaɗarsa, direba na zaginsa.

Gwamnatin jiha ta Gwamna Fintiri ta gina gadar sama a mahaɗar Total, mun gani, mun gode. To mai keke fa? In ka tambaya, a ce maka babban titi na jiha ne, gefensa na ƙaramar hukuma. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, magudanan ruwa, har da ba kekuna lasisi. Kotun Ƙoli kuma ta ce a Yulin 2024 a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Wane uzuri ya rage wa ƙaramar hukumar Yola ta Arewa, wadda Jimeta ke cikinta?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tikiti. A wajen karɓar kuɗi ba a taɓa rasa mai titi ba. Mai yankan tikiti zai iske tebur a kan hanyar mutane, ya karɓi nasa, ya wuce. Mai teburin kuwa ya riƙe 'yar takardar nan a matsayin shaidar ya sayi wurin. Wanda ya karɓi kuɗin yau, da wane ido zai ce masa tashi gobe? Haram, wannan cinikin haƙƙin jama'a ne. Kowa ya san Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a ba hanya haƙƙinta, ya kuma kira kawar da abin cutarwa daga kanta sadaka.

Kwatocin ma leda ta toshe su, damina na zuwa ruwa ya hau titi, ya cinye ɗan gefen da ya rage.

Kansilan mazaɓar Ajiya da shugaban ƙaramar hukuma su zauna da ma'aikatar ayyuka ta jiha, a ja wa masu keke layi daga kasuwa zuwa unguwar Jambutu, a samar wa masu tebur wuri a cikin kasuwar, a daina yanka tikiti a kan hanya.