Bututun da Tsatsa Ba Ta Ci: Ina Namu Shirin?

Na yi shekaru ina aikin duba walda a wani filin haɗa bututun mai a Fatakwal, kuma babban abin da aikin ya koya mini shi ne ruwan gishiri ba ya jin kunyar ƙarfe. Akwai ranar da aka ɗauko wani guntun bututu daga teku aka tsaga shi a gabanmu. Daga waje sumul yake, fenti bai ko ƙwarzane ba. Cikinsa kuwa duk ramuka, kamar gara ta ci azara. Na zura ɗan yatsa a ɗaya, ya shige har gaɓar farko.

Shi ya sa da aka miƙo mini guntun bututun haɗi, wanda ba ƙarfe a jikinsa, na daɗe ina jujjuya shi. Tsawonsa kamu ɗaya, na ɗaga shi da hannu guda. Cikinsa roba ce mai ƙarfi. A kanta an nannaɗe zaren gilashi ko na kabon, rufi kan rufi, ana gasa kowanne da zafi har ya manne da ɗan'uwansa, sannan a lulluɓe da wata robar. Tsatsa ba ta da abin ci a nan.

Wanda bai san teku ba zai ce mene ne abin ɗoki. Rijiyoyin Bonga na tekun Nijeriya, da suka fara ba da mai a 2005, suna ƙarƙashin ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000. Na Agbami sun kai kusan mita 1,500, na Egina kuwa, da aka buɗe a ƙarshen 2018, har sun zarce haka. Duk mita goma da ka nutsa, ruwa yana ƙara maka matsi kwatankwacin na iskar da ke kanmu a tudu. A can ƙasa ga duhu, ga sanyi, ba mai ninƙayar da zai isa, sai na'ura mai kyamara. Bututun ƙarfen da ke tasowa daga nan zuwa jirgi, nauyinsa kaɗai kaya ne. Shi kuwa bututun haɗi ba shi da nauyi, ana naɗe shi a ƙaton faifai kamar igiyar guga, a warware shi cikin teku ba walda a tsakiya, kuma ƙaramin jirgi ma zai iya shimfiɗa shi.

Maganar ta wuce gwaji. A 2017 kamfanin Petronas ya shimfiɗa irin wannan bututu don jigilar mai a tekun Maleshiya, ƙirar wani kamfanin Holan da yanzu ake kira Strohm. A Birazil, inda man ke tafe da iskar kabon mai yawa, Petrobras ya ga yadda iskar ke tsattsaga wayoyin ƙarfen da ke cikin bututu masu lanƙwasa tun kwanansu bai ƙare ba, abin da ya ƙara wa neman madadin ƙarfe ƙaimi. A 2021 TechnipFMC ya saye Magma Global na Ingila, masu ƙera bututun zaren kabon. Manya ba sa zuba kuɗi inda ba su hango riba ba.

Ba na ɓoye aibinsa. Idan ƙarfe ya bugu, za ka ga lotsawa. Bututun haɗi kan iya buguwa, rufin cikinsa ya rabu, waje kuma lafiya lau. Zafi mai tsanani yana raunana roba. Rashin nauyinsa kan sa a ɗora masa nauyi don kada igiyar ruwa ta yi wasa da shi. Bakinsa, inda ake ɗaura shi, har yanzu ƙarfe ne. Sannan bai yi shekarun da ƙarfe ya yi a teku ba. Don haka ra'ayina a fara da gajerun bututun da ke haɗa rijiya da rijiya, da masu tura ruwa ko sinadari, kafin a kai ga dogayen da ke hawa jirgi. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanenmu. Tun da aka kafa dokar fifita 'yan ƙasa a harkar mai a 2010, mun horar da masu walda da masu fentin bututu da masu duba aiki. Har a Legas aka haɗa wasu sassan jirgin Egina. Duk wannan gwaninta ta ƙarfe ce. Idan bututu ya fara zuwa a naɗe daga Turai, me za su yi?

Na ga irin wannan a unguwarmu a Kano ina yaro. Akwai wani dattijo gwanin yanka wa bututun ƙarfe haƙora. Da bututun roba ya shigo, masu gidaje suka huta da jan ruwa mai tsatsa, shi kuwa kayan aikinsa suka koma ƙarƙashin gado. Yaronsa da ya koyi haɗa roba da gam shi ya gaji unguwar.

Saboda haka ina kira ga hukumar NCDMB da ke Yenagoa, mai kula da dokar fifita 'yan ƙasa, da asusun bunƙasa fasahar mai na PTDF, da cibiyar horar da ma'aikatan mai ta Effurun: a sa ilimin wannan bututu cikin manhaja tun yanzu. A kafa ɗakin gwajinsa a gida. Duk kamfanin da zai sayar mana, a gindaya masa sharaɗin ɗaura bakin bututun a nan, da hannun yaranmu, kafin a kai ga masana'anta. Tun da aka amince da aikin Bonga ta Arewa a Disambar 2024, sababbin kwangiloli na tafe, kuma tun ran gini ake zane.

Kuɗin man teku ne ke shiga kason da jihohinmu ke karɓa duk wata, daga Bayelsa har Yobe. Bututun da ya fashe a can ƙasa, malamin firamare a Gumel zai ji shi a albashinsa. Ina son mu sami bututu mai ƙarko, ina kuma son wanda zai duba shi ya sa hannu a takarda ya zama ɗan ƙasar nan.