Da Kunne Ake Auna Katun na Baƙi da Fari

Akwai hukuncin da ake yawan yanke wa gajerun finafinan katun na baƙi da fari da aka yi a Amurka tsakanin 1928 da 1934: wai rarrafe ne kawai, kafin sana'ar ta miƙe da zuwan launi. Masu wannan ra'ayi sukan nuna gaɓoɓin da ke lanƙwashewa kamar roba, da labarin da bai taka kara ya karya ba, su ce ga shaida. Sun ɗauko mudun da ba na wannan kaya ba. Waɗannan finafinai kiɗa ne aka zana, don haka da kunne ya kamata a fara auna su.

A duba yadda ake yin su. Daƙiƙa ɗaya ta fim mai sauti tana cin hoto 24, wato fim na minti bakwai ya haura hoto 10,000. Dole mai zane ya san a hoto na nawa ƙafa za ta taɓa ƙasa domin ta dace da bugun ganga. A Steamboat Willie, wanda aka fara nunawa a New York ranar 18 ga Nuwamba 1928, Walt Disney da Ub Iwerks sun mai da dabbobin cikin jirgin ruwa kayan kiɗa: akuya ta cinye takardar waƙa, aka murɗa wutsiyarta ta rera, haƙoran saniya kuma suka zama abin kaɗawa. A The Skeleton Dance na 1929, ƙwarangwal huɗu ne ke rawa a maƙabarta bisa kiɗan Carl Stalling, babu kalma ko ɗaya. Wanda ya tsaya neman labari a nan, ya je gidan rawa yana tambayar littafi.

Gwanintar ta kai ƙololuwa a ɗakin zane na Max da Dave Fleischer. Max ya ƙirƙiri wata na'ura da ake haska fim ɗin mutum a kanta, a bi motsinsa da alƙalami hoto bayan hoto. Da ita aka kwafi takun mawaƙin jaz Cab Calloway. A Minnie the Moocher na 1932 ya fito a siffar fatalwar wata dabbar teku mai haure. A Snow-White na 1933, wanda Roland Crandall ya zana kusan shi kaɗai cikin wata shida, jikin mai rawar yana rikiɗa yana bin ma'anar baitin da ake rerawa. A 1994 aka sanya shi cikin finafinan da Amurka ke adanawa a matsayin gadon ƙasa. Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

Ba na cewa duka masu kyau ne. Kamfanin Warner ya fara jerin Merrie Melodies a 1931 domin tallata waƙoƙin da ya mallaka, kuma da yawansu motsi guda ake maimaitawa har waƙa ta ƙare. Akwai abin da ya fi wannan muni. Bosko, tauraron Looney Tunes na farko a 1930, an ɗauko shi ne daga wasan da Turawa ke shafa baƙi a fuska suna yi wa baƙar fata ba'a. A wani fim na Fleischer na 1932 an haɗa fuskar Louis Armstrong da ta wani mai cin naman mutane a dajin Afirka. Wannan cin mutunci ne, kuma daɗin kiɗa ba ya wanke shi. Amma zargin wariyar launin fata daban, zargin rashin iyawa daban. Na farko ya tabbata a kansu, na biyu ƙage ne.

Abin da ya biyo baya ma ba riba ce zalla ba. Disney ya kawo cikakken launi da Flowers and Trees a 1932. A 1934 aka tsaurara dokar tace finafinai ta Hays, aka tsawaita rigar Betty Boop, aka rage mata rawar kai. Daga nan zane ya koma kwaikwayon abin da ido ke gani a zahiri. Ya ƙara tsafta, amma ya rasa duniyar nan da bishiya da tukunya da kabari ke rausaya da kiɗa ɗaya. Shi ya sa masu wasan kwamfuta na Cuphead suka koma wa wannan salo a 2017, suna zane da hannu a takarda.

Tun 1 ga Janairu 2024 Steamboat Willie ya fita daga haƙƙin mallaka, kowa na iya kallonsa. A kalle shi da sauti, sannan a kashe sautin a sake kallo. Abin da ya ɓace a karo na biyu shi ne aikin da ake rainawa.