Filin Lafiya: Sanyin Hunturu Da Mai Ciwon Asma

Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu takan taso daga Sahara ɗauke da ƙura, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta lulluɓe Kano da Sakkwato da Maiduguri, wani lokaci har ta gangara Ikko. Ga mai lafiya, iyakar ɓarnarta kaushi da faso da mura. Amma ga mai ciwon asma, watannin nan na fargaba ne, domin da asuba, sa'ad da sanyi ya fi tsanani, sai ya farka ƙirjinsa a ɗaure, numfashinsa yana kuka kamar usur. A lura, wannan ciwo dabam yake da tarin fuka, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Bari mu duba yadda abin yake faruwa. Huhu ba ya son iska sai mai ɗumi irin na jiki, watau digiri 37, kuma mai cikakken danshi. Hanci shi ne aka ɗora wa aikin ɗumama iska da jiƙa ta kafin ta wuce ciki. To, iskar hunturu ga ta da sanyi, ga ta busasshiya, har danshinta a Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Idan mutum ya shaƙe ta da yawa, musamman ta baki sa'ad da yake sauri ko tuƙa keke, sai ta isa hanyoyin numfashi ba a gyara ta ba, ta tsotse ɗan ruwan da ke shafe a jikinsu. Nan da nan waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gadin wurin sukan saki sinadarai irin su histamin. Sai naman da ke kewaye da hanyoyin ya tsuke, bangonsu ya kumbura, majina mai kauri ta taru, hanyar iska ta ƙuntata.

Amma me ya sa mutum biyu za su kwana ɗaki ɗaya, su shaƙi iska ɗaya, ɗaya ya tashi garau, ɗaya yana haki? Dalili shi ne, hanyoyin numfashin mai asma dama can a kumbure suke, ko da a ranar da yake jin kansa lafiya lau. Kamar miki ne da bai warke ba, wanda ko riga ta taɓa shi sai ya yi zafi. Sanyi tsokana kurum yake yi, ciwon yana nan kwance tun kafin hunturu ya shigo. Wannan shi ne abin da yawancinmu ba mu gane ba, shi ya sa muke yi wa ciwon rabin magani.

Magungunan shaƙa iri biyu ne. Na farko, salbutamol, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 1969, galibi cikin shuɗin gwangwani, yana buɗe hanya cikin 'yan mintoci, aikinsa ya ƙare bayan kamar sa'a huɗu, amma ba ya taɓa kumburin ko kaɗan. Na biyu, irin su beklometason da ya fito a 1972, shi ne mai kwantar da kumburin, sai dai yana bukatar a riƙa shaƙarsa kullum yadda likita ya tsara, a kuma kurkure baki bayan an shaƙa. A 2019 kwamitin masana asma na duniya da ake kira GINA ya daina ba da shawarar manya su dogara ga na farkon shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa a wannan shekarar mutum miliyan 262 ne ke fama da asma, 455,000 suka rasu, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Akwai masu cewa wanda ya fara shaƙar magani ya kamu ke nan, ba zai iya bari ba. Wannan magana ba ta da tushe, kuma ta sa iyaye da yawa sun hana 'ya'yansu abin da zai cece su. Wanda ya ga yana neman shuɗin nan fiye da sau biyu a mako, alama ce kumburin bai kwanta ba, lalle ya koma wurin likita tun kafin sanyi ya kankama.

Sa'an nan ga dabarun gida. Mai fita masallaci da asuba, ko yaro mai tafiya makaranta, ya rufe hanci da baki da mayafi ko rawani, ya yi numfashi ta hanci. A guji kaskon gawayi da turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a ɗaki rufaffe, gama hayaƙinsu yana ƙara wa mikin zafi. A yayyafa ruwa kafin a yi shara. Ga ƙaramin yaro, likitoci a Afirka ta Kudu sun nuna a 1999 cewa gorar roba mai rabin lita, idan aka huda gindinta aka sanya bakin maganin, tana taimaka masa ya shaƙa sosai. A nemi ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake yi.

Idan kuwa mutum ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko ya shaƙi magani bai ji sauƙi ba, to, kada a kwantar da shi, kada a jira gari ya waye. A zaunar da shi tsaye, a ci gaba da ba shi shuɗin, a garzaya asibiti.

Allah ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.