Kunnen ƴaƴanmu mata: tsakanin askar wanzami da tiyatar likita

Jama'a, duk wanda ke zaman kasuwar Gaya ya san yarinya ko matar da ke ja ɗankwali har ƙasa don rufe kunne. Ba kunya ba ce kullum. Sau da yawa wani ƙululun nama ne ya tsiro inda aka huda, ya fara kamar ƙwayar gero, ya kai kamar goro, wani har ƙwan kaza. Likitoci na kiran shi keloyid. Ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba kuma jifa ba ne. Tabo ne da bai san inda zai tsaya ba, kuma ya fi kama baƙar fata, musamman tsakanin shekara 10 zuwa 30, yana kuma bin jini a gida.

A Turai, in an ce gyaran kunne, galibi ana nufin yaron da kunnuwansa suka buɗe kamar faifai. Tun 1881 wani likita mai suna Edward Ely ya yi wannan aiki a birnin New York, yau kuma ana yin shi bayan yaro ya kai shekara 5 ko 6. Mu nan hula na rufe wannan, ba ya hana aure. Namu ciwon shi ne tsiron nan, sai kuma fatar kunnen da ɗan kunne mai nauyi ya yaga.

Abin lura, al'adar iyayenmu ta huda wa jaririya kunne ba ita ce babbar mai laifi ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna waɗanda aka huda bayan shekara 11 sun fi samun tsiron. Haɗarin yana ga huji na biyu da na uku da ƴan mata ke ƙarawa gab da biki, wani har can sama a guringuntsi, inda jini ba ya isa sosai. In wurin ya ruɓe, kunnen na iya lanƙwashewa har abada. Ga kuma ƴan kunnen araha da aka yi wa ruwan zinari: da ruwan ya goge, ƙarfen nikel na ƙasa ya taɓa fata, sai ƙaiƙayi, sai susa, sai gyambo. Tarayyar Turai ta taƙaita nikel a kayan ado tun 1994. A teburinmu babu mai aunawa, mai sayarwa ma ba ta san abin da ke cikin katon ɗin da ta saro ba.

To, in ya tsiro fa? Nan ne kuɗi ke salwanta. Uwa ta kai yarinya wajen wanzami ya yanke, ko a ɗaure da zare har ya faɗi. Wata uku ana murna, kafin shekara ya dawo ya fi na da. Ba wanzami kaɗai ba: ko likita ne ya yanke bai haɗa da komai ba, fiye da rabi na dawowa, domin yankan kansa sabon rauni ne. Aikin gaskiya shi ne yanka tare da allurar da ake yi cikin tabon kusan kowane wata, da maƙalen da ke matse wurin na watanni. Mai taurin kai, a manya, akan haɗa da gashin na'ura. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai ta fara wannan gashi a 2021.

Sai dai daga Gaya zuwa Dosso kilomita 150 ne, zuwa Yamai kusan 300. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakoki. Ta Najeriya ta buɗe a watan Maris 2024, masu bi ta Kamba zuwa asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suka samu sauƙi, amma a wannan shekarar gadar Malanbil ta zauna a rufe, mutane da kaya sai ta kwalekwale. Mai tuyar ƙosai da ke cin ribar yini ba za ta bar kasko sau 6 ta yi wannan tafiya ba. Takan je a yanke, ta tsallake allurai, kuɗin tiyatar ya tafi a banza.

Shi ya sa a ganinmu abin da ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwa su nema wajen hukumomin lafiya na jihar Dosso ba likitan tiyata na kullum ba ne. A yanka a Yamai ko Dosso, amma a horar da ma'aikaci ɗaya ko biyu nan gida su riƙa yin allurar wata-wata. Allurar ba ta masu tallar magani a faranti ba ce: in ta wuce ƙima tana dusashe launin fata, ta lotsa wurin.

Ku kuma iyayenmu masu sayar da ƴan kunne, tambaya ɗaya kafin a ƙara wa budurwa huji: akwai mai irin tsiron nan a gidanku? In akwai, a ba ta na maƙalawa. Ribarsa ba ta kasa ta ɗayan ba.